Ƙanwar Sarki Richard da sadakin da bai dawo hannunta ba

A watan Satumba na 1190 Sarki Richard na Ingila, wanda Turawa ke yi wa kirari da Mai Zuciyar Zaki, ya sauka a birnin Messina na tsibirin Sisili, kudu da Italiya, a kan hanyarsa ta zuwa yaƙin Salibiyya na uku. Abin da ya fara nema a wurin Tancred, sarkin tsibirin, shi ne a sako masa ƙanwarsa Joan, matar marigayi Sarki William na Biyu na Sisili, wadda aka tsare a Palermo, babban birnin ƙasar, aka kuma hana ta dukiyar da mijinta ya yanka mata. Cikin 'yan kwanaki aka sako ta. Bayan Richard ya afka wa Messina ya ci garin a ranar 4 ga Oktoba, Tancred ya sauko, ya amince zai biya oza 20,000 na zinariya a madadin haƙƙinta.

Masu ba da tarihin Richard sukan kawo wannan labari a jerin abubuwan yabo: ga wa mai zuciya, ya ji ƙanwarsa na cikin ƙunci ya zo ya ƙwace ta. Ni ban yarda a tsaya a nan ba. Zinariyar nan, wajen rabin tan, ba ta shiga hannun Joan ba. Asusun yaƙin Richard ta shiga, kuma har ya mutu bai mayar mata ba. Ra'ayina shi ne, wanda ya ƙwato wa mace haƙƙinta daga hannun azzalumi sannan ya zuba a aljihunsa, shi ma ya ci haƙƙin, kuma cin nasa ya fi wuyar magani, domin shi ba a iya kai ƙararsa ba tare da an ce an ci mutuncin zumunci ba.

An haifi Joan a Angers da ke Faransa a 1165, a gidan da babu kamarsa a yammacin Turai a lokacin. Mahaifinta Henry na Biyu yana riƙe da Ingila da kusan rabin Faransa ta yau. Mahaifiyarta Eleanor ita ce mai ƙasar Aquitaine, kuma ta taɓa zama matar sarkin Faransa kafin ta auri Henry. Sai dai gida ne da ba a zama lafiya a cikinsa. A 1173, Joan ba ta cika shekara takwas ba, yayyenta maza suka yi wa ubansu tawaye da goyon bayan uwarsu. Henry ya murƙushe su, ya tsare Eleanor, ba ta sami 'yanci ba sai bayan mutuwarsa a 1189. Maza a gidan ana raba musu ƙasa su yi ta faɗa a kai. Mata kuma ana aika su inda ake neman ƙawance. Babbar yayarta Matilda an kai ta Jamus tana da kimanin shekara goma sha ɗaya, aka aura wa Henry mai mulkin Saxony, wanda ya kusa arba'in. Ɗaya yayar, mai sunan uwarsu, an kai ta Kastil a ƙasar Sifen. Joan kuma rabonta ya faɗa Sisili.

A 1176 jakadun William suka zo neman aurenta. Aka ɗauke ta daga Ingila, aka ratsa da ita Faransa, Richard ɗin nan da kansa ya raka ta wani sashe na hanya zuwa gaɓar teku ta kudu. Tafiyar jirgin ruwa ta wahalar da ita har sai da aka tsaya a Naples ta huta. Da dare ta shiga Palermo, a kan doki, cikin kayan sarauta, an kunna fitilu ko'ina har wani marubucin Ingila na zamanin ya ce kai ka ce garin ne ya kama da wuta. Ranar 13 ga Fabrairu 1177 aka ɗaura aure aka naɗa ta sarauniya. Shekararta goma sha ɗaya, ango ya haura ashirin. Ba ta sake sa uwarta a ido ba sai bayan shekara goma sha huɗu, shi ma na 'yan kwanaki.

Ƙasar da aka kai ta ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin Musulmi da yawa ba su san cewa Sisili ta taɓa zama ƙasar Musulunci ba. Fiye da shekara ɗari biyu Palermo tana hannun Musulmi kafin mayaƙan Norman su ci ta a 1072. Sarakunan Norman Kirista ne, amma ba su rushe abin da suka tarar ba. Kakan William, Roger na Biyu, shi ne ya sa malamin nan al-Idrisi ya zana taswirar duniya da aka kammala a 1154. Matafiyi Ibn Jubair, mutumin Andalus, jirginsu ya farfashe a bakin Messina a ƙarshen 1184 yana dawowa daga aikin Hajji, lokacin Joan tana fada. Ya ba da labarin cewa William yana karatu da rubutu da Larabci, cewa shugaban masu dafa masa abinci Musulmi ne, haka ma da yawa daga fadawansa da matan cikin gida, kuma matan Kirista na Palermo suna lulluɓi suna ƙunshi kamar Musulmi. Bai ɓoye ɗaya gefen ba: ya tarar da Musulmin da ke ɓoye addininsu don tsoro, kuma William ɗin ne ya aika jiragen yaƙi Iskandariya a 1174. A cikin wannan fada Joan ta girma, ta yi shekara goma sha biyu.

Abin da ya fi muhimmanci ga maganata shi ne takardar da William ya rubuta lokacin auren. Al'adar sarakunan Turai ita ce miji ya ware wa matarsa ƙasa da kuɗin shigarta, ta zama madogararta in ya riga ta mutuwa. William ya ware wa Joan yankin Monte Sant'Angelo a kudancin Italiya, haɗe da garuruwan Siponto da Vieste. Wannan shi ne sadakinta, in muka faɗe shi da bakinmu. Rubutacce ne, da shaidu, da hatimin sarki. Ba kyauta ce ga Ingila ba, ba kuma bashi ne da ake bin Sisili ba. Nata ne.

William ya mutu a watan Nuwamba 1189 bai bar ɗa ba. Magajiyar da doka ta sani ita ce gwaggonsa Constance, amma tana auren ɗan sarkin Jamus, kuma manyan Sisili ba sa son Bajamushe ya hau kansu. Sai suka naɗa Tancred. Shi kuwa yana bukatar kuɗi da ƙasa don ya tsaya da ƙafarsa, ga kuma bazawara 'yar shekara ashirin da huɗu, ba ɗa, ba dangi kusa, ubanta ya mutu watanni huɗu da suka wuce. Ya riƙe ƙasarta, ya tsare ta. Babu mai musun cewa wannan zalunci ne.

To amma a duba abin da Richard ya zo nema. Ban da sadakin Joan, ya nemi wasiyyar da aka ce William ya yi wa mahaifinsu: teburin zinariya, tantin siliki, kofuna da farantan zinariya, da jiragen yaƙi. A ƙarshe aka daidaita a kan oza 40,000, rabi a madadin haƙƙin Joan, rabi a matsayin kuɗin wani aure da aka ƙulla tsakanin 'yar Tancred da Arthur, ɗan ɗan'uwan Richard, yaro ɗan shekara uku. Auren bai taɓa yiwuwa ba. Da wannan yarjejeniya aka sayar da ƙasar Joan har abada. Ƙasa tana kawo kuɗi kowace shekara, tana ba mai ita mazauni da mutane da murya. Aka mayar da ita tsabar kuɗi, tsabar kuma ta tafi wajen sayen abincin soja da biyan mayaƙa, har sarkin Faransa aka yanka wa kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita aka rabo da gida tana yarinya, ita ta yi takaba, ita aka tsare, amma da aka zo biya sai hannun wani ya miƙa.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ba don Richard ba da ko anini ba za ta gani ba, da ma a tsare za ta ƙare. Za a ce ya ɗauke ta ya ci gaba da ɗawainiyarta, ta yi tafiya a jirginsa, ta ci ta sha a ƙarƙashinsa. Za a ce a wurin mutanen zamaninsa yaƙin nan ibada ne, babu abin da ya fi shi cancantar a kashe wa dukiya. Duk na ji. Amma ciyar da mutum daga cikin dukiyarsa da ka riƙe ba alheri ba ne. Kafin yarjejeniyar Messina, Joan mai ƙasa ce da aka zalunta, tana da haƙƙin da za ta nema. Bayanta ta zama 'yar riƙo a gidan wanta, sai abin da aka ba ta. Kuma in ibada ce, ai ibada da dukiyar mutum ake yi, ba da ta ƙanwarsa ba. In ya ce aro ya yi, to kusan shekara tara ya rayu bayan haka, ina biyan?

Macen da aka raba da dukiyarta, abu na gaba da ake raba ta da shi shi ne ta cewa a kan aurenta. Haka ya faru. Joan ta bi rundunar, tare da Berengaria amaryar Richard, guguwa ta jefa jirginsu gaɓar Kubrus, daga nan suka isa Akka. A watan Agusta 1191 Richard ya sa aka karkashe fursunoni Musulmi kimanin 2,700 a bayan ganuwar Akka. Wata biyu kacal bayan wannan ta'asa, ya aika wa Salahuddin Ayyubi, sarkin Musulmi, da tayi: a aura wa al-Adil, ƙanen Salahuddin, Joan, su biyun su zauna a Kudus su mulki ƙasar gaɓar teku, a saki fursunoni, yaƙi ya ƙare. Alƙali Baha'uddin Ibn Shaddad, wanda ke cikin masu kai saƙon, ya ce Salahuddin ya amsa da to, domin ya tabbata sarkin Ingila ba zai cika ba, dabara ce kawai.

Ba a tambayi Joan ba sai da magana ta yi nisa. Da labari ya iske ta, ta fusata, ta yi rantsuwa da addininta cewa ba za ta yarda ba. Ni Musulmi ne, kuma ban ga abin jin haushi a ƙin da ta yi ba. Haƙƙinta ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a duk tsawon rayuwarta nan ne wurin da muryarta ta fi fitowa sarai, kuma a rubutun malaman ɓangaren da ake yaƙa ta fito. Richard bai ji kunya ba. Ya nemi al-Adil ya zama Kirista, sannan ya ce auren bazawarar sarki sai da izinin Paparoma, in kuma ba a samu ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa a madadinta. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Ko da gaske yake ko dabara ce, abu ɗaya ne a wurina: mutumin da ke jera ƙanwarsa da 'yar ɗan'uwansa a teburin ciniki, in wannan ba ta yi ba ga waccan, ba shi ne za a kafa misalin zumunci da shi ba.

Kada a ce zamanin ne ba shi da doka. Cocin Rum a wannan ƙarni ta riga ta tsayar cewa yardar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure, kuma Paparoma Alexander na Uku, wanda ke kan kujera lokacin auren Joan na farko, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa wannan hukunci. Sadakinta ma doka ta san shi. Doka tana nan, mai ƙarfi ne a cikin gida ya taka ta.

Wannan shi ya sa labarin bai yi mini nisa ba, duk da shekara ɗari takwas da teku da ke tsakani. Mu a nan ba mu da uzurin rashin doka ko kaɗan. Suratun Nisa'i ta ce a ba mata sadakinsu, ta ce maza suna da rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, mata ma suna da rabo, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Matar mamaci tana da rubu'i in ba ɗa, sumuni in akwai. Hadisi ya inganta cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Duk ɗalibin Islamiyya ya san wannan. Amma wa bai san gidan da uba ya rasu shekara goma, ashirin, gona da gida da shago suna hannun babban wa, ba a raba ba? Ba ya cewa ya cinye. Cewa yake yi yana riƙe wa kowa. In kaka ta yi a aika wa ƙanwa da 'yan tiyoyin gero ko buhu ɗaya, ta yi godiya kamar sadaka aka ba ta. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta je ta durƙusa ta ce, "Yaya, batun gonar Baba fa?" amsar da za ta ji ita ce, "Ke me kika rasa? Ko mijinki ne ya turo ki?" Ta koma gida da kunya. In ta doshi kotu, dangi su taso mata: ta tona asirin gida, ta kai ɗan'uwanta gaban alƙali, a bar kaza cikin gashinta. Wani lokaci ma wan ne ya sha wahalar shari'a da wani baƙo da ya so ƙwace filin, ya yi nasara, sai ya ɗauka wahalar da ya sha ta mayar da filin nasa. Wannan shi ne Richard a Messina, ba ragi.

Ban ce kowane wa haka yake ba. Akwai waɗanda ke kiran malami a raba gado tun ba a daɗe da sadakar arba'in ba, a rubuta, kowa ya sa hannu, in ƙanwa ta ga dama ta bar nata a hannunsa da yardarta, ana ba ta lissafi. Abin da nake ƙi shi ne riƙon da ba wa'adi, ba takarda, ba lissafi, wanda mai haƙƙi ba ta isa ta ce a kawo ba. Kuma ina ganin laifin bai tsaya kan mai riƙon ba. Ya haɗa da dattawan da ke ba mace haƙuri maimakon su ba ta gaskiya, da mu da muke yaba wa mutum cewa shi ke riƙe da gidansu ba tare da mun tambayi da dukiyar wa yake riƙon ba.

Sauran rayuwar Joan gajeriya ce. Ta baro Falasɗinu a 1192. Aka kama Richard a Ostiriya yana komawa gida, aka tatse Ingila don biyan fansarsa, zancen kuɗin Joan bai ko taso ba. A 1196 ya aurar da ita ga Raymond na Shida mai mulkin Toulouse a kudancin Faransa, don a kashe rigimar da gidajen biyu suka yi ta yi tun 1159. Ya haɗa da yankin Agenais a matsayin gara. Masu kare shi sukan nuna wannan su ce ai ga biya nan. Ba biya ba ne. Yankin daga ƙasar uwarsu aka yanko shi, hannun Raymond ya shiga, kuma farashin sulhun Richard ne. Ta haifi ɗa a 1197, wanda ya zama Raymond na Bakwai.

A 1199, tana da ciki, mijinta ba ya nan, wasu manyan ƙasar suka yi tawaye. Joan da kanta ta ja runduna ta kewaye sansaninsu a Les Cassés. Mutanenta suka ci amanarta, aka cinna wa zangonta wuta, da ƙyar ta tsira. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba mace ce da ba za ta iya riƙe ƙasarta ba, da an bar mata. Ta nufi arewa neman taimakon Richard, ta tarar ya mutu tun 6 ga Afrilu, kibiya ta same shi a Châlus. Ta koma wurin tsohuwar uwarta, ga ciki, ga ciwo, ga bashi. Matar da ta yi shekara goma sha biyu tana sarauniyar ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a Turai ba ta da abin da za ta yi wasiyya da shi. Sai da ƙanenta John, sabon sarki, ya yanka mata mak 100 (mak ma'aunin kuɗin azurfa ne na lokacin) a shekara, ya kuma amince da mak 3,000 na azurfa don ta biya basussuka ta yi wasiyya, a kan cewa wannan ya rufe duk abin da take bin Richard. Ɗan ƙaramin kaso ne na abin da aka karɓa da sunanta, kuma ya zo ne tana bakin kabari.

Ta roƙi a shigar da ita cikin mata masu zaman ibada na gidan ibadar Fontevraud da ke Faransa, abin da ba a saba yi wa matar aure mai ciki ba, aka yarda ganin halin da take ciki. Ta rasu a Rouen ranar 4 ga Satumba 1199 tana da shekara 33. Aka ciro jaririn, namiji, ya rayu na ɗan lokaci kaɗan. Aka binne ta a Fontevraud, inda mahaifinta da Richard suke kwance.

Gidan sarautar Ingila bai manta da aurenta ba, a ɓangaren da ya amfane shi. Jikarta, ita ma Joan, ta mutu a 1271 ba ta bar magaji ba. Sarakunan Ingila suka tsaya kai da fata cewa Agenais garar Joan ce, tunda zuriyarta ta ƙare dole ƙasar ta dawo gida. Suka yi ta bibiya har sarkin Faransa Philip na Uku ya miƙa wa Edward na Ɗaya yankin a yarjejeniyar Amiens ta 1279, shekara tamanin bayan mutuwarta.